Don Primitivo da Rumbun da Ya Ƙi Tashi

Mutanen titin masu ɗinkin kayan rawa a El Alto, birnin da ke kan tsauni, ba su san darajar mutum ba. Da sun sani, da yanzu hoton Don Primitivo Callisaya yana rataye a bakin titi, ba labarinsa ake yi a wurin shan miya ana buga cinya ba. Tunda kowa ya ba da nasa har da ƙari, to ga yadda abin ya faru, kuma a yi wa bawan Allah adalci.

Don Primitivo kyakkyawa ne. Ko maƙiyinsa bai musa wannan ba, shi kansa ma bai taɓa musawa ba. Gashinsa baƙi wuluk, duk wanda ya ce rini ne kuwa hassada ke cin sa. Injiniya ake ce masa tun shekarar da ya gyara lasifikar cocin unguwa, ta yi magana har rabin wa'azi. Abu ɗaya ne ba ya so a sani: idonsa ya daina kama ƙananan rubutu. Tabarau na nan a aljihun ciki na kwat ɗinsa, amma ba ya fitowa sai a bayan ƙofa, domin shi ne ya daɗe yana kiran maƙwabcinsa Don Saturnino, mai sassaƙa fuskokin rawa, da suna Kaka Mai Ido Huɗu.

Babban shagon hayar kayan rawar morenada a titin na Doña Eulogia Chambi ne, mace mai haƙorin zinariya da muryar da ke tsayar da mota. A tsohuwar kwamfutarta akwai rumbun bayanai: sunan kowane ɗan rawa, faɗin kafaɗarsa, girman tumbinsa, da rigar da aka ware masa. In babu rumbun nan, ranar karɓar kaya sai dambe. Da tsohuwar ta fara nishi kamar bas mai hawan tudu, sai Doña Eulogia ta sa aka kawo mata sabuwa daga Iquique, garin bakin teku, ƙatuwa, baƙa, mai shuɗiyar fitila a goshi. Sabon abu kuwa ba ya zama ba padrino, uban bikin da zai ɗauki nauyin makaɗa da giya ranar ch'alla, ranar da za a sa masa albarka.

Don Primitivo ya gyara hularsa ya shiga shago, suka gaisa da comadre da compadre, kamar yadda aminan gida suke kiran juna.

"Comadre, na ji ana cewa za ki kira yaran jami'a su kwashe miki rumbu zuwa sabuwar. Ina raye?"

"Kana raye, compadre, shi ya sa zan kira su."

"Haba! Ni ne padrino, ni ne injiniya. Kafin ki gama shan shayi ta tashi."

"Me kake so? Ban taɓa ganin ka yi abu don Allah ba."

"Sahun gaba," in ji shi, yana duba kansa a gilashin kanta. "A bikin Yuli. Tsakiya, inda masu ɗaukar hoto suke tsugunawa."

Don Saturnino, wanda ya leƙo aron allura ya ƙi tafiya, ya yi tari. Sahun gaban nan shi ma ya daɗe yana lasar leɓe a kansa.

Doña Eulogia ta dube shi daga hula har takalmi. "In ta tashi kafin ch'alla, sahun gaba naka ne. In ba ta tashi ba, ga kayan beyar can. Tun da mai sakawa ya suma bara ba wanda ya yarda ya shiga."

Duk suka juya. Can a ƙugiya wani buhun farin gashi yake lilo, daga wuya har ƙafa, da kai kamar tukunyar biki. Wanda ya shiga ciki ko uwarsa ba za ta gane shi ba. A ce fuska irin ta Don Primitivo a rufe ta a tukunya!

"Na yarda," ya ce. "Ki fara goge maɓallan rigar sahun gaba."

Sharaɗinsa na farko shi ne a fito da teburin aiki bakin ƙofar shago, wai don haske. Hasken kuwa shi ne masu wucewa su ga injiniya a bakin aiki. Ya haɗa igiyoyi, ya kwafe bayanan daga tsohuwa zuwa sabuwa, kuma a rubuta wannan, domin ya yi shi daidai. Sai ya ga bai kamata a ɗora wa na'ura amana ba a gwada ƙarfinta ba. Ya je gida ya kwaso duk bidiyon da ya taɓa ɗaukar kansa yana gwajin rawa, na shekara da shekaru, ya juye mata su tas. Ta haɗiye. Ya shafa kanta.

"Doki ce," ya ce wa masu kallo. "Yanzu ku matsa baya."

Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan maɓalli. Wata baƙar taga ta buɗe, ƙananan fararen layuka suka gudana kamar tururuwa, suka tsaya. Rumbu bai tashi ba.

"Me ta ce?" in ji Doña Eulogia daga bayan kanta.

Don Primitivo ya ƙanƙance ido. Tururuwan suka ƙara haɗewa. Hannunsa ya nufi aljihun ciki, sai ya ga Don Saturnino tsaye yana goge nasa tabarau da bakin riga, a hankali, yana murmushi.

"In ara maka, Injiniya?"

"Riƙe abinka, Kaka. Ni ba karanta na'ura nake yi ba, sauraron ta nake yi." Ya kara kunne a jikinta, ya daɗe, ya miƙe. "Ciwon tudu ne."

"Ciwon me?"

"Daga ina ta zo, comadre? Daga bakin teku. An ɗauko ta an dire a kan tsauni, inda baƙo ke haki kafin ya ɗaure takalmi. Ba ta samun numfashi."

Magana ta shiga kunnen titi, domin kowa ya taɓa ganin baƙo ya yi kore a tashar mota. Aka kawo ganyen koka, maganin ciwon tudu, aka cusa a ramukan iskarta. Wata mai sayar da miya ta ce sanyi ma na sa haka, ta ba da bargon ulu, Don Primitivo ya naɗe na'ura kamar jaririya. Ba a jima ba ta fara kuka, iska mai zafi na fitowa ta gefen bargo, shago ya cika da ƙamshin gasasshen ganye.

"Ta fara zufa," in ji shi. "Alamar sauƙi ce."

"Alamar gobara ce!" Doña Eulogia ta fizge bargon. "In ka dafa mini ita, da fatarka zan yi ganga."

Ya sake danna maɓalli. Tururuwa suka gudana, suka tsaya inda suka tsaya ɗazu.

Washegari ya zo da sabon bincike. Wutar titin ce ba ta da tsabta, kuma kowa ya san injin goge fuskokin rawar wane ne ke gurɓata ta. Ya ɗauki filaya ya nufi akwatin wutar da ke bangon waje, don ya raba layin shago da na Don Saturnino. Ya raba kuwa. Ya raba titin gaba ɗaya da wuta. Kekunan ɗinki goma sha biyu suka tsaya a tsakiyar zare. Mai aski ya fito da wani direba a bayansa, rabin kai a aske, rabi daji.

"Wa ya taɓa akwati?" in ji mai aski.

"Aikin injiniya ne, maigida, ba za ka gane ba," in ji Don Primitivo.

"Ni zan gane," in ji direban. "Yau zan je neman aure da wannan kan?"

"Ka tsaya mata ta gefen da aka gama."

Sai da aka riƙe direban. Da wuta ta dawo, Don Primitivo ya ce yanzu ya gano, manhajar ce ba ta zauna daidai ba. Ya sake saka ta. Ta ƙi. Ya saka wata a kan waccan, ya ƙara wata don ta taya su. Na'ura ta fara ɗaukar lokaci kafin ta amsa ko gaisuwa. Da yamma ya yi dabarar ɗaukar hoton rubutun da wayarsa, don ya karanta a gida a bayan ƙofa. Da ya isa ya saka tabarau ya duba, sai ya ga fuskarsa ce ta cika hoton, domin wayarsa ta saba kallon gefe ɗaya ne kawai. Hoton dai ya yi kyau. Ya ajiye shi.

Doña Eulogia ta gaji ta kira Tata Isidoro, mai duba da ganyen koka. Tsohon ya shimfiɗa ƙyalle a gaban na'ura, ya watsa ganye, ya duba yadda suka faɗi.

"Ba za ta tashi ba sai an yi mata ch'alla. Uwar Ƙasa ba ta san da zuwanta ba."

"Ka ji!" in ji Don Primitivo. "Abin da nake shirin faɗa ke nan. A yi ch'alla tukuna."

"Ba za a yi mata ch'alla tana kwance ba," in ji Doña Eulogia. "Ban taɓa ɗaura wa gawa furanni in kira makaɗa ba. Gobe ne bikin ch'alla, compadre. Ko ta tashi, ko in sa a kakkaɓe maka gashi."

Don Saturnino ya je ya shafa kan beyar, ya ce yana ganin girman ya yi daidai.

A nan ne ƙaramin mutum zai karaya. Don Primitivo kuwa ya jira tsakar rana, lokacin da Doña Eulogia ta hau bene yi wa masu ɗinki faɗa, titi kuma ya watse cin abinci. Shi kaɗai ya rage da na'ura. Masu baƙin ciki suna cewa wai da ya ciro tabarau a lokacin da an huta. Su faɗa. Mai babbar dabara ba ya ɓata irin wannan dama a kan karatu. Ya jawo tsohuwar kwamfuta daga lungu, ya tura ta ƙarƙashin teburi a kan daɓen siminti, ya zare igiyar allo daga sabuwa ya soka wa tsohuwa, ya yafa wa teburin babban mayafi mai ratsi har ƙasa. Sabuwa na sama tana haska shuɗiyar fitilarta, tsohuwa na ƙasa tana aiki.

Da Doña Eulogia ta sauko, ga sunayen 'yan rawa jere a kan allo.

"Ta tashi?"

"Ta saba da tudu," ya ce, yana duba farcensa. "Na gaya miki haƙuri take so."

"Me ya sa take nishi irin na tsohuwar?"

"Gado ne. Duk wadda ta ɗauki rumbun nan haka za ta yi."

Don Saturnino ya koma shagonsa, har ya manta allurar.

Ranar ch'alla Don Primitivo bai yi rowa ba. Ya kawo makaɗa da kakakin tagulla, ya tara akwatunan giya har suka tare ƙofar mai aski. Ya kuma yi hayar ƙaton talabijin, aka ɗora a kan kanta aka haɗa da igiyar allo, don na bayan taro ma su ga aikinsa. Aka naɗa wa sabuwar kwamfuta zaren takarda masu launi, aka yayyafa mata furanni da alewa. Matarsa, Doña Basilia, ta zo da sabuwar hula, tana karɓar gaisuwa a matsayin matar sahun gaba.

Tata Isidoro ya kunna turare ya yi addu'a. Wani daga cikin 'yan rawa ya girgiza kwalba ya nufi na'ura, Doña Eulogia ta tare shi da ƙirji.

"Ko ɗigo kada ya taɓa ta! Kowa ya zuba wa Uwar Ƙasa rabonta a ƙasa, a ƙafafun teburi, kusurwa huɗu."

Don Primitivo ya yi wuf ya tare gaban teburi.

"A'a, comadre! Ba a ƙasa ba."

"A ina to? A kanta?"

"A'a. A waje. A titi. Can gaba, wajen kwata."

"Na'ura na nan, a zuba albarka a kwata? Uwar Ƙasa a ƙasa take, compadre, ba ta yi ƙaura ba. Kai ne padrino, fara."

Aka miƙa masa kwalba. Makaɗa suka yi shiru. Ya durƙusa, ya karkata bakin kwalbar kamar mai ɗiga maganin ido, ɗigo ɗaya ya faɗi.

"Tabɗi!" in ji Don Saturnino da ƙarfi. "Wannan padrino ko mai awon magani? Jama'a, ku ga hannun sahun gaba! Uwar Ƙasa za ta zaci tsuntsu ne ya wuce."

Taro ya fashe da dariya. Doña Basilia ta ja hularta ta rufe ido ɗaya. To, a faɗi gaskiya, wane namiji ne za a kira marowaci a gaban makaɗan da shi ya ɗauko? Don Primitivo ya miƙe, ya kifa kwalbar gaba ɗaya, ya karɓi ta biyu ya kifa, ya ce a ba shi ta uku. Aka yi tafi. Daga nan kowa ya matso da tasa, 'yan rawa, masu ɗinki, mai aski, har direba mai rabin kai da yanzu ya zama ƙwal. Daɓen shagon kuwa, kamar kowane daɓe a titin, ya ɗan gangara. Kumfa ta taru ta bi ƙarƙashin mayafi kamar an yi mata jagora.

Sunayen da ke kan talabijin suka yi rawa. Suka koma kore. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin teburi kamar an taka busasshen rake, talabijin ya yi baƙi. Sabuwar kwamfuta na nan a sama da furanninta, fitilarta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Hayaƙi ya fara fitowa ta gefen mayafi.

"Uwar Ƙasa ta karɓa!" in ji Don Primitivo. "Makaɗa, ku buga!"

Ba wanda ya buga. Don Saturnino ya gyara tabarau, ya kama gefen mayafi da yatsa biyu, ya ɗaga. Ga tsohuwa zaune a tafkin giya, tana fitar da numfashinta na ƙarshe.

"Af," ya ce. "Ashe gadon a nan yake kwana."

Doña Eulogia ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. Ta sa aka kashe wutar tsohuwa, ta zare igiyar da hannunta ta soka wa sabuwa.

"Danna, Injiniya."

Ya danna. Baƙar taga ta buɗe a kan ƙaton talabijin ɗin da shi ya yi haya, tururuwan nan suka fito kowace kamar ɗan yatsa. Taro duka, har da Tata Isidoro, har da shi kansa Don Primitivo a karo na farko, suka karanta layin ƙarshe da baki ɗaya:

"Babu sauran wuri a ma'ajiya."

"Babu wuri?" in ji Doña Eulogia. "An ce mini za ta ɗauki 'yan rawar ƙasar nan duka da jikokinsu. Me ta ci?"

"Sirrin aiki ne, comadre. Kayan gwaji."

"Buɗe mu ga kayan gwaji."

Ya buɗe, tunda mai aski ya tsaya a ƙofa. Babban kundi ya bayyana, sunansa Primitivo Sarkin Sahu. Doña Eulogia ta taɓa na farko. Ga Don Primitivo a tsakar ɗakinsa, da singileti da dogon wandon sanyi, ya yafa zanen gado a kafaɗa, yana taka morenada a gaban madubi yana aika wa kansa sumba.

"Zanen gadon aurena!" in ji Doña Basilia.

Na biyu, yana gwada yadda zai ɗaga wa masu hoto gira, ta dama, ta hagu, duka biyu. Na uku ya manta bai kashe ba: yana zaune da tawul a wuya da tabarau a hanci, yana shafa wa gashinsa wani baƙin abu da buroshin haƙori.

"Shi ya sa rinina ke ƙarewa!" Doña Basilia ta cire sabuwar hula. "Na kori 'yar aiki a kan rinin nan, Primitivo!"

"Ido huɗu," in ji Don Saturnino a hankali, kamar mai addu'a. "Sannu da zuwa, ƙanena."

Mai busa babban kakaki ya yi dariya a cikin kakakin, ƙarar ta kori karnukan titi. Jama'a suka ce kada a goge ko ɗaya sai an kalla. Doña Eulogia ta ce tana da kaya da za ta raba, ta tsaya a kansa har ya goge su da yatsansa, da manhajojin da ya jibga. Sannan ya danna maɓalli, ba tare da ɗaga yatsa sama ba.

Tururuwa suka gudana, ba su tsaya ba. Sunayen 'yan rawa suka cika talabijin.

Don Primitivo ya buɗe hannuwa. "Na tashe ta! Jama'a shaida ne, da hannuna!"

"Da hannunka," in ji Doña Eulogia. "Bayan ch'alla. Giyar ma ga ta a takalminka." Ta nemo sunansa a rumbun, ta karanta awon tumbinsa da ƙarfi, na gaskiya, wanda telanta ya auna, ba wanda yake faɗa ba. "Ko na so, compadre, rigar sahun gaba ba za ta rufe ba. Abu ɗaya ne a shagon nan daidai da kai."

Aka sauko da beyar daga ƙugiya.

Yanzu ga abin da masu buga cinya ba sa faɗa. Beyar ba shi da sahu, shi ke buɗe hanya. Ranar bikin Yuli Don Primitivo ya taka rawa a gaban sahun gaba, Don Saturnino, wanda ya samu sahun gaban, na bayansa yana shaƙar gashi. Yara suka bi shi, mata suka jefa masa furanni, masu ɗaukar hoto suka tsuguna a gabansa shi kaɗai. Da ya ga sun taru sai ya kama kan da hannu biyu don ya cire, duniya ta ga ko wane ne. Kan ya ƙi fita. Zufa ta kumbura wuyan. Ya ja, ya murɗa, ya yi tsalle, jama'a suka ɗauka sabon salo ne suka ƙara tafi. Sai da yamma mai aski ya fitar da shi da sabulu.

Hoton ya fito a jarida, babba, beyar riƙe da kansa. Tunda titin bai san darajar mutum ba, Don Primitivo ya sa shi a gilashi da kansa, ya rataye a ƙofar gidansa. A ƙasa ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, manya ƙwarai, wai don masu wucewa.